Ɗauko Kawu Sale daga Runka

Katsina zuwa Batsari

Ko kiran sallar farko ba a yi ba na fito. Mama ce ta tashe ni, ta ce kar in dawo sai da yayanta, Kawu Sale, a kai shi asibiti. Tsohon mai tsire ne, hayaƙi ya cinye masa huhu, kullum tari da haki, ga maganin shaƙa a aljihu. A tasha na yi asuba, aka cusa mu a Golf, huɗu baya, biyu gaba. Direba ya ƙi tashi sai da wata mota ta iso daga Batsari ya tambayi hanya. Aka ce lafiya lau. Duk da haka ba wanda ya yi hira.

Runka

Daga Batsari babur na hau, ina cin ƙosai ina waige-waige. Hantsi ya ɗaga na isa, na tarar da Kawu gindin dogon yaro, a zaune yake barci, carbi a hannu. Matarsa Inna Hajo ta ja ni zaure, muka gaisa, ta rage murya.

“In aka ji ƙishin-ƙishin ɓarayin daji, cikin dawa kowa ke kwana. To wa zai ɓuya kusa da wannan minsharin? Maƙwabta suka ce ko ya yi shiru ko ya zauna gida. Shi ne aka sayo masa ƙwayar barci a kemis. Yanzu dai Alhamdulillahi, yakan yi tsit.”

“Inna, tsit kamar yaya?”

“Tsit mana. Can kuma sai ya zabura kamar an shaƙe shi. Da safe ya tashi da ciwon kai.”

Da ya farka na faɗi saƙon Mama. Dariya ya yi har ta koma tari.

“Kai ɗan birni, minshari ne ciwo? Uwar taka ma fa gwana ce. Gerona ya isa yanka, ba inda za ni.”

Na zauna, na tashi, na duba waya, ba sabis. Ga rana tana tafiya, kuma ba a bin hanyar nan bayan la'asar. Muna idar da azahar barci ya sake sace shi. Na kunna kamarar waya. Minshari, minshari, sai ɗif. Ƙirji na ja, iska ba ta shiga, leɓe ya yi duhu. Har na miƙa hannu zan girgiza shi ya fizgo numfashi da ƙarfi.

Na tashe shi na nuna masa. Ya kalla, ya ce in maido.

“Wannan ni ne?” Ya juya ga Inna. “Hajo, haka nake yi kina kwance kusa da ni?”

Ya yunƙura ya miƙe.

“Ɗauko min hulata.”

Safana

Mai babur ya ƙi ɗaukarsa, wai ya taɓa sulalewa daga bayansa yana gyangyaɗi. Sai da muka sa shi tsakiya, Inna ta kawo zane aka ɗaure shi da ni. Duk hanya ina masa surutu a kunne don kar ya yi barci.

“Ka ishe ni, aku.”

“Eh, na ji. Ci gaba da zagina, Kawu.”

A shinge wani jami'i ya ga ɗaurin ya ce, “Sato shi kuka yi?” Kawu ya ce, “Ƙwarai, yallaɓai.” Aka yi dariya aka ɗaga mana. A Safana muka samu akori-kura mai zuwa Dutsin-ma, direba ya bar masa gaba, ni ina baya kan buhunan gyaɗa ina leƙen ƙirjinsa ta gilashi.

Gida

A Dutsin-ma muka sauya mota, ana kiran magariba muka shiga Katsina. Washegari asibiti. Likita ya kalli bidiyon, ya karɓe ƙwayar, ya ce mai huhu irin nasa in numfashi na yankewa a barci, iskar jininsa faɗuwa take fiye da ta kowa, har zuciya ta gaji. Za a kwantar da shi a auna, wataƙila ya koma kwana da na'urar da ke hura iska ta hanci.

“Da wuta take aiki?” in ji Kawu.

“Da wuta, Baba.”

Gidansa na Runka kuwa ba wuta. Sai ya ce in aika wa Inna saƙo, ta sa a yanke geron, ta ba da ajiyar awaki, ta taho.

Mai babur da direban Safana, Allah Ya saka muku. Shi da Ya kai mu Ya dawo da mu, godiya ta tabbata gare Shi.