Ƙanƙarar Auta

A shekarar da Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, ni ce na zama masaniyar ƙanƙara a duk unguwarmu, ni da ban taɓa wuce Kano ba. Ƙanena, autan Inna, shi ya jawo mini. Karatu ya kai shi Faransa, da karatun ya ƙare sai ya samu aiki a kan wani dutse inda Turawa suke zuwa hutu lokacin sanyi, su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su riƙa sulalowa a kan ƙanƙara daga bisa zuwa ƙasa. Aikinsa tsayuwa ne a gindin wasu kujeru masu tafiya a jikin igiyar ƙarfe. Ya zaunar da mutane a kai su sama, su zamo, su dawo, ya sake zaunar da su. Da ya ce mana sunan wasan "iski", Inna ta ce ai kuwa suna ya dace, don ba mai hankalin da zai sa a kai shi bisa dutse don kawai ya faɗo. Daga ranar masu wasan ba su da suna a gidanmu sai ƴan iski.

Inna ma ƙanƙara ce sana'arta. Tun da kuran, wato wutar lantarki, ya iso unguwarmu a Matamaye take ɗaura ruwa a leda tana jerawa a firigo ya daskare, ta sayar lokacin zafi da azumi. Ranar kasuwa matan Dawce da na Dungu suna zuwa su sara, su naɗe a buhu su yi gida da sauri. In aka ɗauke kuran da rana, kowa a gidan sai ya kama kansa, domin Inna ba ta da fara'a in kayanta suna tsiyaya. Ranar da Auta ya fara nuna mata dutsen a waya, fari fat har iyakar gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Auta, duk wannan ba mai ita? Ko buhu ba a rufa mata?"

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa, ya hau har numfashi ya riƙa yi mata wuya. Muka kai ta Damagaram. Likita ya duba ya ce mu koma gida mu riƙa ba ta abin da take so, na kuwa gane abin da yake nufi. Ni ba na iya ɓoye-ɓoye, a ranar na kira Auta na faɗa masa yadda ake ciki. Ya ce takardar zamansa a can tana ɗaure da aikin. In ya tafi kafin a rufe wurin, mai gidansu ba zai sa masa hannu ba, kuma ba shi ba komawa.

"Yaya, ki ba ni lokaci kaɗan," in ji shi. "Sanyi ya ƙare, ƙanƙara ta fara narkewa. Ranar da aka rufe, washegari ina hanya."

Na ce masa ciwo ba ya jiran ƙanƙara. Inna tana kwance tana jinmu, ta miƙo hannu ta karɓi wayar ta ce kada ya kuskura ya bar aikinsa saboda ita, tana nan tana jiransa. Magana ta ƙare ke nan.

Daga nan kullum bayan la'asar, in ya tashi aiki, sai ya kira. Ana cikin azumi a lokacin, mu zafi yana gasa mu, shi yana cikin rigar sanyi leɓɓansa sun tsage. Kafin ma ya gama gaisuwa nake tambayarsa, "Yaya take yau?" Shi kuma ya ba ni labarinta dalla-dalla. Da asuba tana da tauri kamar siminti, domin sanyin dare ya sake daskarar da abin da rana ta narkar. Da hantsi sai samanta ya saki ya zama tsaki-tsaki, lokacin ne ƴan iski suka fi so. In azahar ta yi ta zama caɓi, katakan su riƙa kafewa, mutane su riƙa kifewa. Ya nuna mini inda ciyawa da duwatsu suka fara leƙowa a ƙasa-ƙasa, na yi hamdala. Ya kuma nuna mini wasu manyan motoci masu turo ƙanƙara daga gefe suna toshe wuraren da suka buɗe, na tsine musu. Har na san gefen dutsen da rana ba ta duka sosai, wanda tasa take daɗewa, na ɗora masa karan tsana. Maƙwabta ma sun koya. In sun shigo dubiya sai su ce, "Ya mai jiki? Ya kuma ƙanƙarar?"

Ni ƴar manoma ce, na tashi ina ganin mutane suna ɗaga kai suna neman gajimare. Ga ni yanzu ina roƙon Allah ya kori gajimare daga ƙasar da ban sani ba, ya ƙwala musu rana. Na ɗauka ni da Inna bakinmu ɗaya ne a wannan roƙon.

Wata rana na shigo da ruwan wankanta na tarar ta idar da sallar la'asar a zaune, ta ɗaga hannu. Muryarta ta yi ƙasa sosai, amma na ji abin da take cewa: "Allah ka tsare wa Auta ƙanƙararsa. Allah kada ka narkar masa da ita."

Na dire bokitin har ruwa ya fallatsa. "Haba Inna! Me kike roƙo haka? Ai sai ta narke zai zo!"

Ta shafa addu'arta ba gaggawa, sannan ta dube ni. "Ke kina tsammanin ban gane ba? Ciwo ne a ƙirjina, ba a kaina ba."

"To me ya sa?"

"Abincinsa ne. Ke kin taɓa jin uwar da ta roƙa wa ɗanta kayansa su narke? Bakina ba zai iya ba."

Na ce mata ba tasa ba ce, ta Turawa ce, shi zaunar da mutane kawai yake yi. Ta ce wanda yake ci a jikin abu, nasa ne. Na ce to ko shiru ta yi, ta bar ni da tawa addu'ar. Ta ce kowa ya roƙi tasa, Mai bayarwa ya san wadda zai karɓa. Na fita ina huci. Ban taɓa jin haushin Inna irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin tausayinta irin na ranar ba.

Ana gab da salla ya kira ba a lokacin da ya saba ba. Ban ga fuskarsa sosai ba, sai wani farin abu yana ta sauka a kansa da kafaɗunsa, bayansa duk ya rufe. Ya ce tun jiya take zuba, tsofaffin wurin ma sun ce sun daɗe ba su ga irinta a ƙarshen lokaci ba. Ciyawar nan da duwatsun nan duk sun koma ciki. Mai gidansu yana ta murna, ya ɗaga ranar rufewa. Na kai wa Inna wayar. Ta kalla ta yi dariya, dariyar da ta jawo mata tari mai tsawo, da ta samu numfashi ta ce, "Masha Allah, Auta, arziki ya sauka." Ni kuwa bayan ɗaki na zagaya na yi kukana.

Sabuwar ƙanƙarar ba ta da ƙarko, in ji shi, rana tana cin ta da sauri. Na ci gaba da tambaya, ya ci gaba da ba ni labari, amma jikina ya riga ya yi sanyi. Bayan salla Inna ta daina cin abinci. Magana ma ta ragu, sai dai in la'asar ta yi ta juyo da kai wajen ƙofa, in san wayar take jira.

Da hantsin wata Laraba ta cika, kanta yana kan cinyata. Na kira Auta ban san iyaka ba, wayar ba ta shiga, domin in yana bakin aiki a akwati yake kulle ta. Na danna zan bar masa saƙon murya na fasa, wannan ba maganar da ake bari a waya ba ce. Ga zafi, ba a jira. Kafin azahar maza sun kai ta sun dawo.

Bayan la'asar ina zaune a tsakar gida cikin mata masu zaman makoki, wayar ta yi ƙara. Na ɗauka. Bai ko yi sallama ba, ya juya wayar yana nuna mini ƙasa: laka, da ciyawa kwance, da ruwa yana gudu ta ƙarƙashin takalmansa. Kujerun nan suna rataye ba kowa a kansu.

"Yaya, kin gani? Ta tafi! Yau aka rufe, an sa mini hannu. Kai wa Inna ta gani."

Na buɗe baki zan faɗa masa. Daidai nan wata maƙwabciyarmu ta shigo da sallama, ta durƙusa a gabana ta ce da ƙarfi, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta."

Bai juyo da wayar ba. Na daɗe ina kallon takalmansa, ba su motsa ba.