Shekarar da Nagoggo Ya Yi Sauri

Sunansa na yanka Harisu, amma in ka shiga ƙauyensu da ke gefen Sandamu kana tambayar gidan Harisu, sai mutane su yi ta kallon juna. Nagoggo aka sani. Goggonsa ce ta ɗauke shi tun yaye, ita kuwa mace ce da ba ta yarda a tashi yaro daga barci, ko a kira shi yana cin tuwo. Mutanen gari sun ce a hannunta ya koyo nawa. Ita kuma har ta rasu tana cewa haka aka kawo mata shi, ita dai ba ta ɓata masa ba.

Nawar Nagoggo ba ta lalaci ba ce. Yana aiki, kuma yana gamawa, sai dai a lokacinsa. In ya zauna alwala, wanda suka fara tare ya idar da nafila shi yana kan wanke ƙafar dama. In ya tsaya gaisuwa a kasuwar Daura, sai ya tambayi gida, da yara, da gona, da jakin da aka sayar bara. Matarsa Zubaida takan ce da ta jira ya buɗe baki da kansa, da har yanzu yana zuwa zance ƙofar gidansu. Ita ce ta gaji ta ce masa ya turo manya.

Sana'arsa huɗa da shanu. Bijimai biyu gare shi, su ma sun ɗauki halin maigidansu, suna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Amma kunyar da Nagoggo ya ja miƙaƙƙiya ce, don haka masu gona sukan yi ƙorafi su kuma jira shi.

Wuri ɗaya ne nawar ke yi masa ciwo, wato gayya. Ƙauyensu bai daina ta ba. In ciyawa ta fi ƙarfin mutum, sai ya dama fura ya kira jama'a, a jeru da fartanya, Dabo makaɗi ya biyo baya da gangar noma yana yi wa na gaba kirari. Nagoggo bai taɓa fashin gayya ba, bai kuma taɓa jin sunansa a ganga ba. Kullum in an kai ƙarshen gona sai a zauna jiransa, taubashinsa Mati yana ɗaga murya.

"Ɗan Goggo, kada ka wahalar da kanka. In ka iso sai mu fara girbi tare."

Nagoggo yakan yi dariya da kowa. A hanyar gida ne dariyar ke ƙarewa.

Yana dab da shekara hamsin abin ya sauya. Da bazara ya fara. Barci ya ragu, ci ya ƙaru. Mutumin da malmala ɗaya ke isarsa ya koma yana leƙa tukunya. Zufa kuwa ko da sanyin safiyar damina sai ya tuɓe riga. Ya riƙa jin kamar an kunna wani abu a cikinsa an manta ba a kashe ba.

Ranar gayyar farko ta wannan damina ya sunkuya kamar kullum. Da ya ɗago, sai ya ga babu kowa a gabansa. Ya waiwaya ya hango Mati can baya da baki buɗe. Dabo bai tanadi komai ba, amma ya gyara ganga ya saki:

"Hadarin gabas, Nagoggo, na gaba ya kauce, na baya ya haƙura."

Nagoggo ya ji abin har tafin ƙafarsa. Ranar ya shiga gida yana maimaita kalmomin a hankali, ya ɗauka Zubaida ba ta ji.

Gari ya ɗauki magana. Mati ya baza cewa wani Buzu ne ya ba shi maganin noma a kasuwar Mashi. Nagoggo bai gaskata ba, bai kuma ƙaryata ba, sai ya yi murmushi irin na wanda ya san wani abu. Waɗanda a da ba sa gayyatarsa sai don kunya suka fara zuwa da kansu.

Zubaida kuwa wani abu daban take gani. Tana ganin mutumin da ke cin abincin mutum uku yana ramewa, har mazugin wandonsa ya yi rara. Tana jin kofi na kaɗawa a haƙoransa in yana shan ruwa. In ya kishingiɗa bayan azahar, tana iya ganin bugun zuciyarsa ta cikin riga. Idanunsa sun firfito kamar wanda aka ba tsoro. Ga faɗa. Mutumin da bai taɓa korar kaza da ƙarfi ba ya koma yana yi wa bijimansa tsawa don sun ƙi sauri, su kuma suka ruɗe, kunyoyi suka fara karkacewa.

Ba ta ce masa ba shi da lafiya ba, don ta san amsar. Cewa ta yi ya raka ta Daura ranar kasuwa ta saya masa maganin ƙarin jini, tunda yanzu shi ne na gaba a gayya. Wannan ya yarda da shi.

Suka shiga kemis ɗin Dorothy, wadda kowa ke kira Maman Chimdi. Ta daɗe a Daura, mijinta na sayar da kayan babur a shagon da ke jikin nata, kuma ta yi aikin jinya kafin ta buɗe kemis. Ta saurari Zubaida, amma idonta na kan wuyan Nagoggo.

"Malam Nagoggo, yaushe rabonka da ɓalla maɓallin wuyan nan?"

"Tela ne ya matse shi."

"Tela ya matse wuya ya saki ciki? Miƙo hannuwanka."

Ya miƙa. Ta ɗora fallen takarda a bayan yatsunsa, takardar ta kama rawa. Ta ba shi ruwa ta ce ya haɗiye, ta ga wani kumburi a gindin maƙogwaronsa ya hau ya sauka.

"Ba zan sayar muku da komai ba," in ji ta. "Wannan ba na kanti ba ne. Ku je asibiti a ɗibi jini."

"Maman Chimdi, ni fa ban taɓa jin ƙarfi irin na bana ba."

"Na yarda. Babur ma in totur ya maƙale gudu yake yi. Shiga nan ka tambayi maigidana yadda injin ke ƙarewa."

Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da su. Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, amma ta iya magana da manya. Ta ce a gindin wuyan kowa akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu. Aikinta ta zuba wani sinadari a jini, shi kuma ya zaga ya gaya wa kowace gaɓa saurin da za ta yi aiki, daga zuciya har hanji. Akwai kuma wata ƙarama a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke lura da ita, tana aika mata saƙo ta jini, ƙara ko rage.

"Taka ta daina sauraron saƙo, Baba. An ce ta rage, ita kuwa sai zubawa take yi. Shi ya sa kake ci kana ramewa, shi ya sa zuciyarka ke gudu ko kana zaune. In aka bar ta, zuciyar ce za ta gaji. Za mu ba ka ƙwayoyin da za su kwantar da ita. In ta ƙi, akwai aikin da ake yi a rage ta."

Nagoggo ya dubi hularsa. Shi mai shanu ne, ya san abin da ake yi wa maraƙin da ya cika zafi, ya kuma san yadda yake komawa bayan nan.

"Wato dai dandaƙa," ya ce.

Zubaida ta ja mayafi ta rufe baki. Likitar ta yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta kasa.

"A'a, Baba. Ka yi gaskiya cewa can ma sinadari ne ke sa bijimi ya zama bijimi, amma wancan gidansa daban, aikinsa daban, kuma babu mai taɓa shi. Hasali ma, in na wuya ya yi yawa yakan dagula wancan ɗin. Magani gyara shi zai yi."

Zubaida ta dubi ƙasa, ta daɗe tana dubanta.

"To saurin fa?" in ji Nagoggo.

"Saurin zai tafi."

Ya karɓi ƙwayoyin ya yi godiya mai kyau. Da suka isa gida ya ɗora su a kan katanga bai buɗe ba. Ya ce sai bayan gayyar gonar mai gari, wadda ta fi kowace tara jama'a.

"Malam, zuciyar nan guda ɗaya ce," in ji Zubaida tana tankaɗe. "Ba a sayar da ita a shagon mijin Maman Chimdi."

"Tun ina saurayi nake bayan mutane, Zubaida. Bana kaɗai aka kira sunana. Ki bar ni in ƙara ji."

Ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfin da garin bai buƙata ba.

Ranar gayyar ya tashi kamar an harba shi. Ya wuce Mati, ya wuce samari sa'o'in 'ya'yansa, ya kai ƙarshen gona shi kaɗai. Ya juyo ya hangi Dabo yana dukan ganga, bakinsa na motsi, mata masu kawo fura suna tafi. Ya kasa kunne. Babu abin da yake ji sai bugun da ke cikin kunnensa, wanda ya fi gangar ƙarfi, kuma ba ya tafiya daidai, yana yi yana tsallake. Ya tsaya yana kallon ana yi masa kirari kamar ana yi wa wani a ƙetaren rafi.

Aka zauna shan fura a gindin tsamiya. Ya ɗebo da ludayi, kafin ya kai baki rabi ya zube a gwiwarsa. Ya sake ɗebowa, ya sake zubewa. Ya jira tsiyar Mati, don irin wannan Mati ba ya bari ta wuce. Mati bai ce komai ba. Ya matso, ya karɓi ludayin, ya kai masa baki, yana kallon wani wuri.

Wannan shirun ya fi bayanin likita tsorata shi. Da ya koma gida ya tsaya a gindin katanga ya ce, "Zubaida, kawo ruwa."

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Sai da gero ya fitar da kai rawar hannun ta lafa, sai da aka yi girbi maɓallin wuya ya shiga. Barci ya dawo da ribarsa, har Zubaida ta koma tsaron ƙofa tana ce wa baƙi Malam na hutawa. Yakan koma asibiti a ɗibi jini, a rage ƙwaya ko a ƙara. Wata rana likitar ta duba ta ce komai ya daidaita.

"Ya daidaita?" Ya gyara zama. "To, 'yata, ai ni na koma yadda nake da. Ko dai ƙwayar ta yi yawa? A bar mini ko kaɗan mana."

"Jininka daidai yake da na kowa, Baba. Wannan nawar ba ta wuya ba ce. Taka ce."

Ya yi ta juya maganar a mota har Sandamu. Da Mati ya ji, sai da ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce a ƙarshe asibiti ta tabbatar da abin da gari ya sani tun tuni. Nagoggo ya ji daɗin dariyar fiye da yadda ya zata.

Da damina ta kusa, ya je gidan Dabo. Bayan gaisuwar da ta kai har ga lafiyar gangar, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Kirarin nan, ka ajiye shi. Ba nawa ba ne, na ciwo ne. Ka ba wani yaro."

Dabo ya ci gaba da ɗaure tsirkiyar gangarsa. "Ni ban san ciwo ba, kai na gani a gona. Kuma ba riga ba ce da za a cire a ba wani."

"Za su yi dariya."

"Da can kuka suke yi?"

A gayyar farko Nagoggo ya kama kunyarsa a gefe. Kafin a yi nisa ya koma wurinsa na da, a bayan kowa. Dabo ya bar na gaba, ya dawo ya tsaya a bayansa, ya fara kirarin, amma a hankali, kowace kalma na jiran fartanyar Nagoggo ta sauka. Manomi kuwa da ganga yake sara, ko ya so ko bai so ba. Samarin gaba suka ji hannunsu na sanyi. Layin ya lanƙwaso, ya jira, ya daidaita.

"Dabo, wannan kiɗan jana'iza ne ko na noma?" in ji Mati. "Haka za mu kai magariba."

"Ka yi noma, Mati," in ji Nagoggo bai ɗago ba. "Kana ɓata mana lokaci."