Altine Gambo, Wadda Aka Ware wa Ƙwarya

Haihuwa

An haifi Altine a shekarar 1938 a wata ruga kusa da Kore Mairuwa. Mahaifinta Gambo makiyayi ne, mahaifiyarta Hawwa'u. Ba ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Tatsa da daka ta koya, har ta gagari sa'o'inta.

Aure da jarrabawa

A 1955 ta auri Mahmuda na Tibiri, ta shahara da fura da nono a kasuwa. A daminar 1964, tana goyon ɗanta na uku, Ɗanjuma, sai yatsu uku na hannun damanta suka fara mutuwa, ludayi yana suɓuce mata, har wuta ta ƙone ta ba ta ji ba. Mutanen gari ba su san wata cuta mai kashe yatsu ba sai kuturta, kuma kowa ya zama likita. Aka daina sayen furarta, aka ware mata ƙwarya, aka cire Ɗanjuma daga nono yana wata bakwai aka kai shi Geceme hannun gwaggonsa Lantana.

Gwaji

Shekara bakwai ta yi a haka, yatsa ko ɗaya bai gutsure ba. A 1971 Mahmuda ya sayar da bijimi ya kai ta Yamai, inda wani likita baƙo ya ɗaura mata wayoyi a wuyan hannu da yatsu, ya saki lantarki kaɗan kaɗan yana auna saurin wucewarsa cikin jijiya. Ya tarar yana jinkiri a wuyan hannu kawai: jijiya ce ta matse saboda yawan tatsa da daka. Aka yi mata ƙaramar tiyata. Da tafinta mai fassara maganar likitan ya bayyana mata sakamakon, abin da ta ce shi ne, "Tun da ba kuturta ta ba, a maido mini ɗana."

An maido shi, amma kwana uku ya yi yana kuka ya koma, domin an raine shi da gargaɗin kada ya taɓa ta. Wannan ya fi mata ciwon zafi.

Rasuwa

Ta koma sana'arta, waɗanda suka guje ta suka dawo layi ba kunya. Allah ya yi mata rasuwa a 1996, aka yi jana'izarta a Tibiri. Ta bar Habu, da Kubra, da Ɗanjuma, wanda ya sa ta a kabari da hannunsa. Ran nan ne ya fara taɓa ta tun yana jinjiri.