Takardun da Ɗahiru Ya Yar

A unguwar Limancin Kona, in ka ce Ɗahiru mai keken ɗinki, kowa zai nuna maka zaurensa. Mutum ne da tsabta ta yi wa yawa: duk abin da ya kwana biyu bai amfane shi ba, juji ne makwancinsa. Ubansa, marigayi Malam Labaran, shi ke zana aska takwas a kan babbar riga, masu ɗinkin hannu su bi sawun alƙalaminsa da allura. Babu abin da Ɗahiru ke so a duniya kamar a ce masa magajin Malam Labaran.

Gadon da tsohon ya bari wata adaka ce cike da zane-zane a kan takardun buhun siminti. A shekarar 1984 Ɗahiru ya sayo keken ɗinki mai lantarki. Zaure ya yi kaɗan, sai ya kinkimi adakar ya juye ta a jujin bayan gidansu.

Ƙanwarsa Barira, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta leƙo ta ce, "Yaya, har da na Baba?"

Ya ce, "Zamani ya wuce su. In kina so, ki hura wuta da su."

Ba ta hura ba. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta karkaɗe toka, ta jera a ƙarƙashin katifarta. Daga nan ta shiga koyon zanen a hankali, ba wanda ya kula.

Shekara biyar keke na ruri, Ɗahiru na fantamawa. Sai kekuna suka cika birni, aikinsu ya zama ruwan dare, masu hali suka koma neman ɗinkin hannu. A lokacin hannun Barira ya faɗa. Ita ke zanawa, matan unguwa su ɗinka. Fatake daga Kano suka fara sallama, kuma a zauren Ɗahiru suke tsayawa, a gaban kekensa, su ce, "Malam, a yi mana magana da Barira."

Hassada ta ci shi, ba ɓoye-ɓoye. In aka yabi aikinta sai ya taɓe baki: "Kwafa ce fa kawai, ita ce gwaninta?" Ya gwada zanawa da ka, abin ya fito kamar kaji sun yi tono. Har ƙara ya kai wa kawunsu, wai takardun gado ne, a raba. Kawu ya ce, "To, a ina ta same su?" Ɗahiru ya sunkuyar da kai.

Wata ranar Laraba, Alhaji Aƙilu, tsohon aminin ubansu, ya zo daga Kwarbai da shadda a hammata, zai yi wa jikansa rigar aure. Idonsa ya yi rauni. Ya daɗe yana duban Ɗahiru, sannan ya ce, "Kai ne wa?"

Ɗahiru ya miƙe da sauri, ya gyara hula. "Ni ne Ɗahiru, Baba. Ɗan Malam Labaran."

Tsohon ya washe baki. "Af, yayan Barira! Allah ya yi maka albarka. Shiga ka miƙa mata wannan, ka ce hannun ubanta nake so."

Ɗahiru ya karɓi shaddar da hannu biyu, ya shiga cikin gida.