Dakan da Na Ji a Ƙasan Rijiya

Shekarun baya, can lokacin da na gama makarantar horon malamai ina zaman jiran aiki a Kankia, na taɓa shiga rijiya yin yasa. Sau ɗaya ne tak, kuma ban ƙara ba. Na san waɗanda suka san ni yanzu da tumbi da tabarau za su yi dariya. Ku yi abinku, amma ku bari in kai ƙarshe.

Tun ina ƙarami ni mutum ne da hankalinsa ba ya zama inda jikinsa yake. A aike ni sayen gishiri in dawo da ashana. In tada sallah, kafin in kai ruku'u na je Kano na dawo, ban san raka'a ta nawa nake ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce jikina kawai ta haifa, hankalin yana hanya bai ƙaraso ba tukuna. A daminar shekarar ta rasu, kuma bayan rasuwarta abin nawa ya ƙaru. Sai in zauna a ƙofar gida tun hantsi ina kallon motocin Katsina suna wucewa, a yi mini sallama sau uku ban ji ba.

Da bazara ta yi tsanani sai ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo daga Kusada a kan tsohon babur ɗinsa. Haƙar rijiya da yasarta ita ce sana'arsa tun yana saurayi. Ya ce akwai wata rijiya a wata ruga wajen ƙauyen Boko, laka ta cinye ta, shanu suna wahala, abokin aikinsa kuma ya tafi ci-rani. Shi ma gwiwa ta hana shi sauka. Yana son wanda zai shiga, shi ya tsaya a baki.

"Kai dai ba abin da kake yi sai ƙirga motoci," in ji shi. "Taho ka ga yadda ƙasa take daga ciki."

Na bi shi ne don kada a ce na ji tsoro. Ba wani dalili bayan wannan.

Mun isa da hantsi. Rijiyar tana can nesa da bukkokin, a wani fili, sai bishiyar bedi, wato darbejiya, guda ɗaya a gefenta. Mai rugar da ƙannensa biyu suna jiranmu, su ne za su ja igiya. Kawu bai yi gaggawa ba. Ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata zare, ya zura ta a hankali har ƙasa. Muka leƙa, tana ci. Ya ce in iskar ciki ta ɓaci, wuta ce ke fara mutuwa kafin mutum. Duk da haka ya sa aka yanko rassan bedi, aka ɗaure su a igiya aka yi ta sama da ƙasa da su don iska ta juya. Sannan ya ɗaura mini igiya a ƙugu da hannunsa, ƙulli uku, ya ja ya ga ta kama.

"Saurara, malam," ya ce. Haka yake kirana in zai yi mini tsiya. "Zan riƙa tambayarka daga nan sama, mi hannunka ke yi. Kada ka amsa mani da ka. Ka duba hannun da idonka, sannan ka faɗi abin da ka gani."

Na yi dariya. Na ce, "Kawu, hannuna ne fa."

"A nan sama naka ne," ya ce, bai yi dariya ba. "Na biyu, in ka ji tsoro a ciki, ba komai, yi aikinka. Amma in ka ji daɗi, ka ji wurin ya yi maka, to girgiza igiya mu fiddo ka."

A raina na ce tsofaffi dai da son ƙara wa abu gishiri. Wane daɗi ne a ƙasan rijiya?

Zurfinta gaba goma sha biyu ne. Ina sauka ina taka ƴan ramukan da aka sassaƙa a bango, zafin rana yana raguwa, muryoyin mutane suna yin nisa. Da ƙafata ta taɓa ƙasa sai na nutse har ƙwauri cikin baƙar laka mai sanyi. Na ɗaga kai, sararin sama duka bai fi faifai ba, ga kan Kawu a gefensa. Na ji tsoro sosai, ba zan ɓoye muku ba. Na tuna ya ce tsoro ba komai, sai na kama aiki.

Aikin ba wuya a bayani. Su zuro guga, in cika shi da laka, in ce a ja, su ja su zubar, su sake zuro shi. Can sai muryar Kawu ta sauko.

"Mi hannunka ke yi?"

"Yana riƙe da shebur."

Jim kaɗan kuma, "Mi hannunka ke yi?"

"Yana share zufa, Kawu. Ko shi ma sai na nemi izini?"

Na ji masu jan igiya suna dariya a sama. Da farko ina duba hannun kamar yadda ya ce. Daga baya na ga wauta ce, sai na riƙa amsawa kawai ina aikina, hankalina kuma ya tafi yawonsa da ya saba.

Da na ci ƙasa sosai sai lakar ta canza. Ruɓaɓɓen ganye, guntayen tsofaffin guguna, har da ƙahon akuya. Duk inda na soka shebur sai ƴan kumfa su taso suna fashewa, da wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kaina ya fara sara. Na ce bari in cika guga biyu sannan in faɗa. Kafin in cika su warin ya ɗauke, ciwon kan ma ya tafi. Na ji jikina ya yi sakayau, sanyin lakar ya koma ɗumi. Rabon da in ji natsuwa irin wannan tun kafin mu kai mahaifiyata makwancinta.

A nan ne na fara jin daka.

Na ɗauka matan rugar ne. Amma bukkokin suna da nisa, kuma ƙarar ba daga sama take zuwa ba. Daga cikin bangon rijiyar take fitowa, daidai kafaɗata ta hagu. Bugu biyu, a ɗan tsaya. Bugu biyu, a ɗan tsaya. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san dakan nan. Mahaifiyata ce kaɗai ke daka haka, saboda wani ciwon kafaɗa da ta daɗe da shi, sai ta buga biyu ta huta. Da wannan ƙarar nake gane na kusa gida in na taso daga makaranta.

Ban ce innalillahi ba. Ban yi mamaki ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne abin da har yau yake tada mini tsigar jiki in na tuna. Gani na yi abu ne daidai, tana nan bayan bangon tana dakan furar rana, ni ne dai na daɗe ban leƙa ta ba. Na jingina kunnena da bango. Na ji in na zauna zan fi jin ta sosai. Sai dai igiyar ƙuguna ta ɗame, ta hana ni zama, tana ta damuna.

Daga can nesa, kamar daga wani gari, na ji an ce, "Mi hannunka ke yi?"

"Yana cika guga," na ce.

Sannan muryar ta dawo, a hankali, ba tsawa.

"Gugan yana nan sama, ga shi a hannuna. Duba hannunka, ɗan nan."

Haushi ya kama ni. Ina sauraren uwata, wannan tsoho ya dame ni da maganar guga. Don dai ya ƙyale ni na sunkuyar da kai na duba.

Hannuwana biyu suna kan ƙullin igiya. Sun kwance na farko, sun kwance na biyu, suna cikin na uku. Ina kallonsu, ba su daina ba. Yatsun suna ta aikinsu a tsanake kamar na wani mutum da ya san abin da yake yi, ni kuwa ban aike su ba.

"Faɗi abin da ka gani," in ji Kawu.

Da ƙyar na ce, "Yana kwance igiya."

Da kunnena ya ji bakina ya faɗi haka, sai yatsun suka tsaya. Daga baya na gane dalilin da bai sa an fizgo ni ba a lokacin. Da ƙulli ɗaya sassauƙa, in sun ja, igiyar ce za ta hau ta bar ni, ko in suɓuce a rabin hanya.

"To, madalla," ya ce. "Ɗora na dama bisa ƙirjinka. Mi ka ji?"

Na ɗora. Ga dakan nan a ƙarƙashin tafina. Bugu biyu, a ɗan tsaya. Na saurari bango, na saurari ƙirjina, abu ɗaya ne, ba bambanci ko na ƙiftawar ido. Wallahi ban ji daɗin gane hakan ba. Baƙin ciki na ji, kamar an sake yi mini rasuwar.

"Zuciyata ce, Kawu."

"Ita ce. Yanzu ɗaura ƙulli ɗaya. Ɗaya kawai, kada ka yi tunanin na biyu. Ina bakin igiya?"

Na rubuta jarrabawa iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa yin aikin da ya kai ɗaura ƙullin nan wuya ba. In na kama bakin igiya sai hankalina ya zame ya koma bango. In jawo shi in ce, ga igiya, ga yatsa, zura ta nan. Ya sake zamewa, in sake jawo shi. Kawu yana ta tambaya, ni ina ta duba hannu ina faɗa masa, yana zurawa, yana zagayowa, yana ja. Duniya duka ta ƙanƙance ta koma wannan ƙulli. Da na gama na ɗaya ya ce saura ɗaya. Da na gama shi ya ce in riƙe igiyar sama da kaina da hannu biyu.

Ban san yadda aka yi na hau ba. Na dai farka a gindin bedi, ana zuba mini ruwa a ka, ina ta amai, rana tana tsakiya. Mai rugar yana ta salati. Da na ɗan dawo daidai sai Kawu ya sake kunna fitilar ya zura ta, ya ce in matso in gani. Saura gaba biyu ta kai ƙasa wutar ta yi ja, ta lanƙwashe, ta mutu. Ya ce lakar da na tono ce ta saki mugunyar iskar da ke kwance a ƙarƙashinta.

Bayan la'asar muna zaune mu biyu, an kawo mana nono a ƙwarya na kasa sha. Kawu bai dube ni ba, ya ce, "Daka ka ji?"

Na juyo na kalle shi. Ban gaya wa kowa ba.

"Biyu, ta huta," ya ce.

Ya ɗauki wani tsinke yana wasa da shi a ƙasa, ya ci gaba. Ya ce mahaifiyata ita ta goye shi, da dakan nan ya yi wayo. Ya ce shekara talatin yana shiga rijiya, in iska ta ɓaci ƙarar ruwan sama yake ji, ya duba hannunsa ya girgiza igiya. Amma wata biyu bayan rasuwarta ya shiga wata rijiya a Sukuntuni, ya ji daka.

"Na san zuciyata ce. Na sani sarai. Amma sai na ji ba ni son in duba hannun. Da aka fiddo ni na ce na gama sauka. Gwiwata lafiyarta lau." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Na ɗauka kai yaro ne, duniya na gabanka, ba za ka ji ba. Na manta kai ma ita ta goye ka. Ka yafe mani."

Na ce na yafe. Muka zauna nan har shanu suka fara dawowa.

Kawu ya rasu shekara shida ke nan, Allah ya kai haske kabarinsa. Ba zan ce muku na zama mai natsuwa ba, matata tana karanta abin da nake rubutawa, za ta ƙaryata ni. Har yanzu nakan nemi tabarau alhali yana fuskata. Amma tambayarsa ta zauna mini. Na gane ba lokacin da nake jin tsoro na fi zama cikin haɗari ba, lokacin da na tabbata na san abin da nake yi ne, har na daina dubawa. Nakan ji ta in na ɗauki waya don duba saƙo ɗaya na wayi gari sa'a ta wuce. Na taɓa jin ta wata rana da ɗiyata ta fasa mini gilashin babur, na duba na ga hannuna a sama, ban san lokacin da ya tashi ba. Na faɗa a fili, yana shirin dukan yarinya. Sai ya sauko.

Akwai wata maƙwabciyarmu da ba ta yarda da inji ba, har yau a turmi take dakan furarta. Wani lokaci da rana tsaka ina zaune sai in ji ta fara, kuma in ta gaji takan buga biyu ta huta. Nakan so in rufe ido in saurara, kuma nakan saurara ɗin. Amma sai na fara duba hannuwana tukuna.