Wayar Da Na Musanya A Gafasa

Ni haifaffen Gaya ne, sana'ata gyaran wuta. Kafin in lalace, idan fitilar masallacin unguwarmu ta mutu ni ake kira, kuma ba na karɓar ko sisi.

Sai gwamnati ta kawo tallafin sola ga gidajen marasa ƙarfi, don su huta da sayen kananzir da batirin tocila. Kowane gida za a ɗora masa faranti a rufi, a sa batir da fanka da ƙwai marasa cin wuta. Ɗan kwangilar da aka ba aikin ya ɗauke ni in haɗa na ƙauyukan Ajingi.

Da farko guntayen wayar da suka rage nake kai wa wani mai shago a kasuwa. Wata rana ya murza wayar a hannunsa ya ce, "Wannan mai kyau ce. Kawo min ita a naɗe in ba ka siririya. Wa zai hau rufi ya duba?" Na ce Allah ya kiyaye. Kafin kasuwa ta sake ci na kai masa. Daga baya har na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa na daina sakawa.

A Gafasa na yi aiki a gidan Baba Sale, tsohon manomi da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Da fankar ta fara juyawa ya lumshe ido ya ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Rabona da barcin rana tun da na kwanta." Ya sa surukarsa ta dama min fura. Na shanye, alhali na san abin da na cusa a azarar ɗakinsa.

Lokacin girbin gero, rana tsaka, kowa yana gona, wayar ta yi zafi ta kama. Kafin maƙwabta su fito da shi ƙafafunsa sun ƙone. Ya yi jinya a asibiti, bai tashi ba.

Injiniyan da aka turo ya zaro ragowar wayar daga toka, ya duba sauran gidajen, aka kama ni. Mai shagon ya rantse bai taɓa ganina ba. Ina gidan yari matata Rabi ta zo min da labarin cewa mutanen Gafasa da Toranke sun sauke farantansu don tsoro, sun koma fitilar kananzir. Ta ce, "'Ya'yanka ma sun daina zuwa makaranta, ana nuna su."

Da aka sake ni, ban wuce gida ba sai da na je wurin Habu, babban ɗan marigayin. Na durƙusa a zaurensa. Ya ce, "Baba ya yafe maka tun yana asibiti. Ni ne ban iya ba tukuna. Tashi ka tafi."

Yanzu leburanci nake yi a gonakin mutane, babu mai ba ni waya in taɓa. Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Ku samari masu koyon sana'a, idan an damƙa muku kayan talaka, ku sa masa su yadda aka ba ku. Aikin da ba wanda zai duba, a ƙarƙashinsa wani zai kwanta, kuma wataƙila ba ya iya gudu.