Turmin Atamfar da Ba a Taya Ba

Ni fa 'yar kasuwa ce tun ina goye. Cikin masu atamfa na tashi a Kano, kuma da na zo New York ban bar halina a filin jirgi ba. Litinin zuwa Juma'a ina aikin kula da wata tsohuwa Baturiya a gidanta, in yi mata wanka, in ba ta magani. Asabar da Lahadi kuwa ina da ɗan tebur a lungun shagon ƙanin mijina a Fordham Road, ina sayar da atamfa da leshi. Burina ɗaya ne: in samu ciniki mai kauri da zai ba ni damar kama shagona, in huta da raɓe.

Tsohuwar nan ta so in riƙa kiran ta da sunanta gatsal, wai su ba sa son girmamawa ta baki. Na ce a'a, bakina ba zai iya ba. Iya nake ce mata.

Wata rana ta hango turmin atamfa a jakata, shuɗi mai zanen ganye. Ta shafa shi, ta tambayi kuɗinsa. Ko tunani ban yi ba na ce, "Dala ɗari da ashirin." Na gyara tsayuwa ina jiran ta taya. Sai kawai matar nan ta buɗe jaka ta miƙo min.

Kai! Raina ya ɓaci, wallahi. Da Turancina na kasuwa na ce, "Iya, ba haka ake yi ba. Ke za ki ce arba'in, ni in rantse ko uwar kuɗi bai kai ba, ki yi kamar za ki tafi, in kira ki."

Ta ce, "To nawa ne kuɗinsa na gaskiya?"

"Sittin."

"Me ya sa kika ce ɗari da ashirin?"

Na ce, "Ai daga nan ake farawa."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ba ni labarin mutanenta, 'yan Kweka, wasu Kiristoci masu kiran junansu Aminai. Ta ce a wurin ibadarsu zama suke yi shiru, kuma ba sa rantsuwa, don wanda ya rantse ya nuna yana da magana iri biyu ke nan. Mahaifinta shagon takalma yake da shi, kuma farashi ɗaya yake faɗa wa kowa, mai kuɗi da talaka, mai baki da mai kunya. Ta dube ni ta ce, "A cinikinku, wa yake biyan rangwamen da mai baki ya samu?"

Fuskokin matan nan masu kitso ne suka zo min a rai, sababbin zuwa, waɗanda ke jin nauyin ja da ni su biya tamanin su tafi suna godiya. Ni da nake sallah sau biyar, nake jin wa'azin gaskiya a ciniki ina gyaɗa kai!

A bas ɗin komawa unguwarmu Morris Heights na kasa zama wuri ɗaya don ɗoki. Ina shiga gida na yayyanka kwalin madara, na rubuta kuɗin kowane turmi ɓaro-ɓaro. Mijina ya leƙo ya ce, "Ikon Allah, yau kuma Baturiya aka kawo min?" Na ce ya yi ta tsokana, zai gani.

Asabar ta farko na sha fama. Mutanenmu su karanta sittin, su ce, "To, talatin." In ce kuɗinsa ke nan, su ce, "Mun gani, nawa za ki bari?" Amma wata mai kitso ta karanta kwalin sau biyu, ta ɗauki turmi biyu tana murmushi, har ta kira ƙawarta a waya. Daɗi ya kama ni kamar in taka rawa.

Asabar ta biyu sai ga Hajiya. 'Yar zangon Kumasi ce, tana zaune a Park Hill, can tsallaken ruwa, kuma ita ce babbar mai sayayyata. Bas take hawa, ta shiga jirgin ruwa, ta hau jirgin ƙasa, duk don ta zo mu kwashe awa guda muna kai ruwa rana a kan turmi ɗaya. Ran nan da babban labari ta zo: za ta aurar da 'yarta, tana son anko turmi arba'in. Shagona ke nan ya shigo da ƙafarsa!

Sai idonta ya sauka a kan kwalin. "Wannan kuma fa? Gidan mai kika buɗe?"

Na ce, "Hajiya, farashi ɗaya nake yi yanzu. Sittin ne ga kowa."

"Ga kowa? Ni ce kowa? Talatin da biyar."

"Hajiya, kuɗinsa ke nan."

"Ko albarka ba za ki ce min ba? 'Yar nan, kin raina ni."

Ta saɓa jakarta. Wallahi hannuna har ya kai kan kwalin. Na san hanyar sarai: in cire shi, in ce casa'in, mu yi ta ja har saba'in, ta tafi tana jin ta ci nasara, ni kuma in fi samun riba. Amma na janye hannuna.

Na ce, "Hajiya, tsaya ki ji gaskiya. Irin wannan turmin saba'in kike saye a wurina. Duk ranar da na hango ki sai in ƙara kuɗi, don na san za ki rage. Wannan na kwalin ya fi miki sauƙi."

Ta juyo a hankali. "Shekara huɗu kina yi min haka?"

"E, Hajiya. Ki yafe min."

Ni kam na riga na sallama shago da anko gaba ɗaya. Can sai ta fashe da dariya tana tafa hannu. "Ja'ira! Ni da nake komawa gida ina cika baki babu wanda ya kai ni iya ciniki! Ɗaure min arba'in ɗin."

Na yi tsalle na rungume ta, ɗankwalina har ya zame. Ina cikin sauko da turamen na lura ta daina dariya. Tana tsaye tana murza bakin mayafinta.

Ta ce, "To yanzu da wa zan riƙa faɗa ranar Asabar? Maigida ya rasu, 'yar tawa ma ga shi za ta tafi. Gidan shiru ne, 'yar nan."

Na ajiye atamfar, na janyo mata kujerata. Na ce, "Hajiya, faɗa ai kyauta nake ba da shi. Zauna mu fara."